Kaset Ɗin da Aka Hana Ni Kwafa

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya zo shagona yana latse-latsen waya, sai wani kiɗa ya fito daga cikinta da ya sa na ajiye abin da ke hannuna. Na ce ya mayar mini baya. Ba ainihin kiɗan da na sani ba ne, amma ɗan gidansu ne: ganga mai dukan ƙirji ba tsayawa, wani siririn sauti yana hawa a bayanta, ba mawaƙi, ba 'yan amshi. Yaron ya ce sunansa tirans, wai tsohon kiɗan Turawa ne, a da matasansu kan taru a sito-siton da aka daina amfani da su, su yi ta rawarsa. Har ya nuna mini yadda masu furfura irina a can suke rubuta kewar wancan zamani a ƙarƙashin kowace waƙa, suna cewa kiɗan yanzu ba shi da rai. Haushi ya turnuƙe ni. Me suke wa kuka? Nasu yana nan, duk mai so zai latsa ya ji. Mu namu kaset ɗaya ne tak a duk faɗin Potiskum, kuma mai shi bai taɓa yarda an kwafe shi ba.

Na zo Potiskum daga Gadaka ba da jimawa da ba mu jiha ba, koyon gyaran rediyo wajen wani ogana a kan hanyar tasha. Bayan gyara muna kwafar kaset, domin oga yana da rediyoyi masu baki biyu, ka sa mai magana a ɗaya, ka sa sabo a ɗayan. Wa'azi, waƙar biki, kiɗan Indiya, saƙon murya da ake aika wa 'yan'uwa a Makka, duk ta hannuna suke bi. Hausata a lokacin ba ta nuna ba, harshen gidanmu yana leƙowa ta cikinta, ina buɗe baki sai an samu mai kwaikwayona. Garin nan kowa da irin tasa Hausar, amma kowa na ganin ta maƙwabcinsa ce abin dariya. Saboda haka na koyi yin shiru, na sunkuyar da kai ga aikina.

Wata ranar ne wani saurayi Babarbare, mazaunin unguwar Bolewa, ya shigo da kaset a hannu. Aikinsa zuwa Kwatano ne yana tuƙo wa wani dillali motocin da Turawa suka gama hawa. A cikin rediyon ɗaya daga motocin ya tsinci kaset ɗin, mai motar ya manta da shi tun daga can ƙasarsu. Baƙi ne, mai nauyi a hannu, ba hoto, sai wani rubutun biro da ya koɗe.

"Malam mai gyara, duba mini wannan," in ji shi. "Tun daga iyaka nake jiran mawaƙin ya fara, har na iso gida bai fara ba. Ko muryar ce ta goge?"

Na saka a rediyo. Muka tsaya muna jiran mawaƙi mu ma. Oga ya saurara kaɗan, ya yamutse fuska, ya ce wannan ai injin niƙa ne aka ɗauka, a kashe masa kafin kansa ya yi ciwo. Sunan da ya bi kiɗan ke nan har ƙarshensa, kiɗan inji. Ni kuwa ban kashe ba sai da oga ya maimaita maganar. Wani abu ya riga ya kama ni a ƙirji. Babu inda waƙa ta ƙare wata ta fara, tafiya kawai yake yi. Can sai gangar ta ɗauke, a bar ka da siririn sautin nan yana ta hawa, yana hawa, har ka ji numfashinka ya tsaya, sannan ta dawo gaba ɗaya. Na ɗaga kai na ga Babarbaren yana kallona, ƙafarsa na bugun ƙasa. Daga ranar muka zama abokai, daga ranar kuma na fara kiransa mai kaset.

Kawunsa yana da siton wake a bayan kasuwar shanu, wanda kan zauna ba kowa ba komai daga tsakiyar damina har kaka ta yi. Nan muka mayar wurin rawarmu. Da dare ba zai yiwu ba, kowa akwai uban da ke ƙirga 'ya'yansa bayan isha'i, ga 'yan sintiri. Sai muka ƙirƙiro namu daren da rana. Ana idar da la'asar za mu sulale ɗaya bayan ɗaya, mu toshe tagogi da ƙofa da tamfol ɗin tirela, ciki ya yi baƙi ƙirin. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka wani yaron mota kan kawo batirin tirelar ogansa a baro. Ni ne mai haɗa wayoyi. Lasifikokinmu ƙanana ne, ba sa ba da dukan da muke so, sai na kifa kowacce a bakin randa, na liƙe gefen da tsumma. In ganga ta buga a cikin randar nan, har a haƙoranka za ka ji ta. Ƙwan lantarki ɗaya muke da shi, na shafa masa shuɗin wanki, shi ke nan hasken.

Zafi kuwa ba a magana. Warin wake da maganin ƙwari da gumin samari, ga tamfol mai warin fitsarin shanu. Yau in aka ce in shiga irin wannan wuri sai an ɗaure ni. Amma a lokacin babu inda na fi so a duniya. Bangizime, Babole, Bakarkare, Bafulatani, har da wani Ibo mai sayar da kayan mota, duk muna ciki, ba wanda ke jin Hausar wani balle ya yi masa dariya. Kiɗan ba ya magana da harshen kowa, don haka ba wanda ya fi wani gane shi. Ba mu sha komai ba sai ruwan randa, wanda ya fi ƙarfin hali ya busa sigari. Da an ji ladan ya fara gyaran murya, sai a kashe, a yaye tamfol, mu fito muna ƙifta ido kamar ɓeraye, mu wanke fuska mu bi sahu.

Gwanin rawarmu wani ɗan Fulani ne daga wajen Damagum. Iyayensa sun daina yawo sun zauna, shanunsu sun ƙare, shi kuma ya dawo kara, wato kasuwar shanu, yana lodi. Idan tirela ta cika, yana cikin masu hawa sama su raka shanun har kudu, aikinsa shi ne duk wadda ta faɗi a hanya ya tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Dogo ne siriri, ba ya son magana, ba ya son a ɗauke shi hoto. Amma in ganga ta kama, sai ya ɗora hannuwa biyu a kan sandarsa a bayan wuya, ya rufe ido, ya yi ta juyi a tsakiyar sito, mu duka mu ba shi fili. Tsakaninsa da mai kaset wasan Fulani da Barebari ne, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Bawana, saka mana injin nan," sai ɗan Fulani ya ce.

"Ji mai warin nono! Wa ya koya maka rawar birni?"

Tun a watan farko na fara roƙon mai kaset ya bar ni in kwafa. Aikina ne, ina ganin yadda kaset ke mutuwa: zare ya miƙe, ya tattare, rediyo ya tauna shi. Na ce masa mu yi guda mu riƙa sakawa, mu ɓoye na ainihin. Ya ce a'a. Wai ya ji daga majiya mai tushe cewa duk kaset ɗin da aka kwafa, sabon yana tsotse ƙarfin tsohon, shi ya sa kasa-kasan kasuwa ba su da armashi. Na rantse masa ba haka ba ne, na kwatanta masa da hannu, ya yi kunnen uwar shegu. Mutane da yawa sun yarda da wannan magana a lokacin, ban musa ba, amma shi na san ba ita ce a ransa ba. Muddin kaset ɗaya ne, sai ya zo ake rawa. In ya yi tafiya Kwatano, sito a rufe yake, mu yi ta zaman jiransa. Wannan jiran shi ne abincinsa.

Duk sanda rediyo ya tauna zaren, ni ake kawo wa. Zan buɗe, in warware, in yanke inda ya lalace, in haɗa bakin da ɗigon jan farce, in naɗe da biro. Yana tsaye a kaina har in gama, kamar mai gadin mara lafiya. Ko bayan gida zan zaga, sai ya ɗauke abinsa ya sa a aljihu.

Wata la'asar muna tsakiyar rawa, wani ya yi tuntuɓe da wayar batir, komai ya ɗauke, har ƙwan. Aka mayar da waya, mai kaset ya lalubi rediyo a cikin duhu, garin gaggawa ya danna maɓallin kunnawa haɗe da jan maɓallin ɗaukar murya. Shiru, ba kiɗa. Muka yi ta ihu. Sai ɗan Fulani ya ɗaga murya ya yi irin kiran da makiyayi ke yi wa garkensa idan ya watse, dogon kira mai lanƙwasa a ƙarshe, wai yana kiran kiɗan ya dawo. Sito ya ɓarke da dariya, shi ma ya yi tasa, mai kaset kuma ya gane abin da ya yi, ya ɗura wata ashar ya kashe.

Ya kusa kuka a ranar, yana cewa ya ɓata kaset da hannunsa. Amma da muka sake sakawa, sai ga abin mamaki. Ana cikin dukan ganga sai ta yanke, ka ji hayaniyarmu, ka ji kiran nan ya tashi, dariya ta biyo baya, ashar ta fito rabi, sannan ganga ta faɗo a kai. Wurin nan ya zama inda muka fi so a duk kaset ɗin. Muna jin ya matso sai mu tsaya cak, mu ɗaga hannu, kiran na fitowa mu amsa masa gaba ɗaya. Turawan da suka yi kiɗan ba su san mun shiga cikinsa ba.

Ranar ce kuma na ɓalle kunnuwan kaset ɗin. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu ƙanana, in aka ɓalle su rami ya bayyana, jan maɓalli ba zai ƙara dannuwa ba, ko da gangan ko bisa kuskure. Na nuna wa mai kaset, na ce yanzu ba abin da zai sake hawa kansa sai in mutum ya zauna ya toshe ramukan nan da hannunsa. Ya yi ta sa mini albarka.

Sau ɗaya kaset ɗin ya taɓa kwana a hannuna. Ya tsinke, aka kuma aiko wa mai shi ya taso maza mota na jira. Ya sa na rantse ba zan kwafa ba, ya tafi. Na gyara, na zauna ina kallonsa. Ga rediyo mai baki biyu a gabana, ga sababbin kasa-kasai a kwali, oga ba ya nan, ba mai gani sai Allah. Ban kwafa ba. Da ya dawo na miƙa masa abinsa, ya dafa kafaɗata ya ce ni ɗan halak ne. Wannan yabon shi ne duk abin da na samu, kuma har gobe in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Ba wanda ya hana mu rawa, ba a kama mu ba, ba a yi mana wa'azi ba. Abin ya mutu ne a hankali. Wata shekara wake ya yi kyau, siton ya zauna cike da buhuna har shekara ta zagayo. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi Damaturu neman aikin gwamnati, Ibo ya koma garinsu. Mai kaset ya fara shigo da motar kansa maimakon ta wani, ya yi ƙiba, ya daina sa wandon jins. In na ce yaushe za mu buɗe sito, sai ya ce sai an ga hali.

Sannan labari ya zo cewa tirelar da ɗan Fulani ya raka ta kife a wani gangare a hanyar kudu. Yana sama tare da shanun. A can aka yi masa sutura, a garin da ba wanda ya san sunansa a cikinmu.

Muka tafi ta'aziyya Damagum, ni da mai kaset da wasu. Mahaifiyarsa 'yar tsohuwa ce siririya, da ganin tsayinta ka ga inda ya gado. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Bayan an yi addu'a, ta matso bakin zana ta ce, da Hausarta mai nauyin Fulatanci, ta ji an ce samarin birni suna yawan ɗaukar hoto, ko a cikinmu akwai mai hoton ɗanta. Muka kalli juna. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba, ga shi ko hoto babu. Bakina ya riga tunanina.

"Inna, hoto dai babu. Amma akwai muryarsa a kaset."

Na ji mai kaset ya taka mini ƙafa. Ita kuwa ta zuba mini ido.

"Muryarsa? Yana magana?"

"Yana kiran shanu, Inna. Yana kuma dariya."

"To ka kawo mini, ɗana. Ko sau ɗaya in ji."

Muna shiga mota mai kaset ya hau ni da faɗa. Wai na haukace ne, zan kai kiɗan disko gidan makoki? Na ce ba kiɗan zan kai ba, wurin muryar kawai zan cire in sa mata a wani kaset, ba zai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Ya ce ashar ɗinsa fa, duk wanda ya ji ya san muryarsa ce. Na ce zan yanke kafin a kai nan. Ya ce kwafa dai kwafa ce, tana rage ƙarfi. Na ce to ya zo da kansa mu saka mata ta ji, mu dawo da abinsa. Ya ce in bari a kwana biyu, zafin rasuwar ya ragu.

Kwana biyun nan ba su taɓa cika ba. In na je gidansa, ya fita. In na tare shi a tasha, kaset yana cikin akwati, makullin yana wajen uwargida. Wani lokaci ya ce ai yana sane, wani lokaci ya sha kunu ya ce na cika naci. Ita kuwa Inna ba ta manta ba. Takan shigo Potiskum ranar kasuwa da man shanu, ta tambayi shagonmu har ta gane shi. Sai ta tsaya daga waje, ba ta taɓa yarda ta shigo ba.

"Ɗana, an samu?"

"Inna, mai shi ya yi tafiya."

"To, Allah ya dawo da shi lafiya."

Ta ajiye mini ɗan curin man shanu a ganye ta wuce. Ban taɓa iya cin man nan da daɗin rai ba. Ƙarya iri-iri na yi mata a madadin wani, har na rasa sabuwa na koma maimaita tsofaffin. Ba ta taɓa nuna ta gane ba, kuma na san ta gane.

Da sojoji suka ce za su sauka aka buɗe siyasa, sai ga mai kaset ya fito neman kansila. A lokacin ya je Makka ya dawo, ba mai kiransa sai da Alhaji. Wata hantsi mota ta tsaya a ƙofar shagonmu, ya fito da babbar riga, samari na biye da shi. Oga ya miƙe tsaye yana ranka ya daɗe. Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya fito da kaset baƙi ya ajiye a kan teburina. Tun kafin in taɓa na gane shi, ga tsagar da ke gefensa, ga koɗaɗɗen rubutun nan. Murna ta kama ni. Na ce a raina ashe mutumin nan yana da sauran imani.

"Ga shi nan, mutumina," in ji shi. "Shekara da shekaru kana damuna. Yau ka kwafa iya son ranka. Da yawa nake so, kowace mota da kowane mai shayi a ba shi."

Na ɗauka na juya shi. Ramukan nan biyu na sama an cusa musu takarda, an bi da salatif an liƙe, aiki mai tsabta, na wanda ya zauna ya natsu. Na saka shi a rediyo. Kalangu ya tashi, wani maroƙi ya kwarara kirari, yana jero sunan Alhaji da na ubansa da na kakansa, yana cewa gari ya zama nasa.

"Alhaji, me ka yi?"

"Maroƙa ne suka zo gida ba shiri, aka rasa kaset mai kyau. Na kasuwa duk shuu suke yi. Wannan kuwa na Turai ne, ji yadda murya ta fita tar."

"Muryar fa?"

"Wace murya?"

Wallahi da gaske yake tambaya. Sai da ya ɗan yi tunani, sannan fuskarsa ta nuna ya tuna. Da a ce da mugunta ya yi, ko don ya ɓoye ashar ɗinsa, da na fi samun sauƙi, domin aƙalla na san abin yana ransa. Mantawa ya yi.

"Af, Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ai addu'a ce ke amfanarsa yanzu, ba kaset ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta ƙona mini rai kamarta ba. Na ce masa ba shi ne ya ce kwafa tana tsotse ƙarfin kaset ba? Ya yi dariya, samarinsa suka taya shi. Ya ce wa oga yaron nan naka har yanzu yana nan da yarintarsa. Ya gyara riga ya fita.

Bayan tafiyarsa na naɗa zaren da biro a hankali har na kai wurin. Na san shi, yana gaba kaɗan da wani ɗigon jan farce da na haɗa da hannuna. Na saurara ko wani abu ya tsira a ƙarƙashi. Maroƙi ne kawai yana cewa Alhaji ba ya manta alheri. Na juya ɗaya gefen, shi ma haka. Sai can a ƙarshe, bayan kalangu ya yi shiru, tsohuwar gangar ta buga 'yan bugu kaɗan, zare ya ƙare. Oga ya ce in tabbata wannan ƙarar injin ba ta shiga cikin na mutane ba.

Shagon ba nawa ba ne, aiki kuma an karɓa. Kwana da kwanaki ba abin da muke yi sai kwafar kirarin Alhaji. Na kwafi kaset ɗin da na yi shekaru ina roƙo, na kwafe shi har na daina ji. Ƙarfinsa kuwa bai ragu ba ko kaɗan.

Ana cikin haka ranar kasuwa ta zagayo. Na ɗaga kai na ga Inna a tsaye a inda ta saba, ƙwarya a kai.

"Ɗana, an samu?"

Na fito waje na durƙusa. Na ce mata an goge, babu shi, ba kuma za a ƙara samunsa ba. Ban faɗa mata wanda ya goge ba, ko da yake sunansa na ta fitowa daga shagon a bayana. Ta sauke ƙwaryar ta ajiye a ƙasa.

"Kai ka ji shi da yawa, ko?"

"Na ji, Inna."

"To yi mini yadda ya yi."

A bakin titi, mutane na wucewa, na buɗe baki na gwada. Abin da ya fito ba kira ba ne, wani ihu ne na ɗan manoma da bai taɓa kiwon ko akuya ba. Mai shayin kusa da mu ya ƙyalƙyale da dariya. Inna ta girgiza kai.

"A'a, ba haka yake yi ba."

Sai ta ɗan ɗaga haɓa, ta rufe ido, ta yi kiran. Dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe. Tsigar jikina ta tashi, domin shi ne, ba kama ba, shi ne sak, ashe a bakinta ya koya. Na ji warin tamfol, na ji hannuwana suna neman ɗaguwa in amsa. Ta buɗe ido, ta goge su da bakin mayafi, ta ajiye mini man shanu kamar kullum, ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta ƙara zuwa ba.

Sai da ta sha kwana na tuna a ƙofar shagon ɗaukar murya take tsaye. Na waiwaya ciki. Duk rediyoyin suna kunne, jan maɓallin kowanne a danne, kowanne yana kwafar kirarin Alhaji.